Fuskar da Firmin Ya Ba da Aro

Firmin Vedrine bai taɓa satar ko allura ba. Gara a fara da wannan, domin har gobe a garinmu Vernassat in ka ambaci sunansa sai wani ya murmusa ya ce, “Au, mai yanke birki?” Bai yanke birkin kowa ba. Bakanike ne, ɗan maƙeri, kuma abu ɗaya ya nema a duniya: a bar shi ya sa hannu a cikin motar tsere. Shi ɗin ma aka hana shi, saboda zane.

Fuskarsa ce ta ja masa. Yana ɗan shekara sha biyar, yana koyon aiki, ya je ta da wata tsohuwar babbar mota da ƙarfen nan da ake murɗawa ta gaba. Injin ya yi tutsu, ƙarfen ya dawo ya same shi a hanci. Hancin ya kwanta hagu, bai sake tashi ba, girar dama kuma ta rabu biyu. Da ya girma sai ya tara gashin baki mai kauri wai don ya rufe abin, gashin bakin kuwa ya ƙara tona shi. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, amma in ya shigo mashaya, baƙon da bai san shi ba sai ya dafe aljihu.

A garejin Pradelle yake aiki, nan bakin gada. Ranakun mako motocin manoma ne, da ta likita, da ta limamin coci wadda kullum sai an tura. Asabar da Lahadi kuwa, muddin akwai rana, tsere ne. Maigida Pradelle yana da shuɗiyar motar tsere, ɗansa tilo Norbert ke tuƙawa, Firmin ke kula da ita. Su loda ta a babbar mota su bi gari gari, Firmin ya kwana a ƙarƙashin babbar motar ya tashi da murna. Sau ɗaya a shekara kuma tseren ya zo gida: a rufe hanyar da ta tashi daga gada zuwa kan dutse, a jera damman ciyawa a kowace kwana, motoci su hau ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Huguette takan ce masa, “Da injin na dafa miya, da ba ka aure ni ba.” Shi kuma ya ce, “Da na aure ki mana, wa zai wanke mini kaya?” Sai ta jefe shi da tsumma.

Wanda bai zauna da mutanen tsere ba, ba zai yarda da yawan camfinsu ba. Mutum ya yi karatun injiniya, amma ko za a yanka shi ba zai karɓi lamba sha uku ba. Wani ba ya shiga mota sai ta gefe ɗaya. Norbert kansa yana da wata safa da ya ci tseren farko da ita, ba a wanke ta. Uwarsa ta taɓa wankewa, sai da ya yi mako yana gaba da ita. Ba wauta ce zalla ba. Kowace shekara sai sun binne wani a cikinsu, kuma wanda mutuwa ke yi wa rakiya ba ya raina kowace irin laya.

A 1958, ranar tseren dutse, Rémy Tessandier ya iso. Saurayi ne siriri daga Limoges, takalminsa ya buɗe baki, allon zane a hammata. Yana zana wa wata mujallar yara ta Paris labarin wani jarumin direba, Hervé Sauval, shafi biyu kowane mako, kuma a lokacin ba wanda ya san shi. Mai gadi ya hana shi shiga rumfunan gyara. Firmin ya ga yaron yana leƙe ta shinge kamar maraya a ƙofar gidan biki, sai ya mirgino masa taya.

“Ɗauki wannan ka biyo ni. In an tambaye ka, ka ce abokin aikina ne kai.”

Haka ya shiga. Ya wuni a tsugune yana zane, Firmin na leƙawa ta kafaɗarsa.

“Kai mai fensir, bututun hayaƙin nan da ka sa a nan, ai gasa gindin direba zai yi.”

“To ina zan sa shi?”

“Inda Allah da masu ƙera mota suka sa shi. Zo ka gani.”

Da yamma ya tafi da shi gida. Huguette ta zuba masa miyar kabeji da dankali da cuku, ya ci kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ya zo da niyyar kwana ɗaya, sai da ya kusa mako.

Masu irin wannan zane suna da wata al'ada. Ba sa ƙirƙiro fuskokin 'yan kallo da kanikawa daga ka, na mutanen da suka sani suke ɗauka. Godiyarsu ke nan ga wanda ya yi musu alheri, tunda ba su da abin bayarwa. A wajenmu kuwa babban abu ne. Kafin Tessandier ya tafi, ya zana mai gidan burodi riƙe da tuta, ya zana mai kantin magani da agogo a hannu, har karen Pradelle ya samu shiga. Firmin ya yi ta jira, ya ga ba a zo kansa ba.

“Ni fa, Rémy? Miyar matata ba ta kai a sa ni ko a bayan taro ba?”

Tessandier ya ɗaga kai ya dube shi tsaf. “Mutumina, ɓarna ce a sa wannan hancin a bayan taro. Kai sai gaba. Amma fa ba jarumi ba.”

“Wa ya ce jarumi? Da wannan fuskar? Ko uwata ba za ta yarda ba.”

“Mugu nake nema. Na zana biyar, duk sun fito kamar masu tallan inshora.”

Firmin ya yi dariya har da buga tebur. Ya ja kujera bakin taga ya zauna, aka ce ya juya dama ya juya, aka ce ya haɗa gira ya haɗa. Huguette na tsaye da buta a hannu, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

“Ka ba shi aron sufana in kana so, ana dawo da ita. Fuska fa?”

“Ke dai kawo kofi, Huguette. Wasan yara ne.”

Ranar Alhamis mujallar ke fita, ranar da yara ba sa zuwa makaranta. Wata Alhamis cikin sanyi sai ga Firmin a shafi, hanci a kwance, gira a rabe, gashin baki kamar tsintsiya. An sa masa suna Vorko, bakaniken abokan gaba. Ya lallaɓa ƙarƙashin motar Sauval da filaya ya datse bututun birki. Motar ta faɗa kwari ta kama da wuta, Sauval kuwa ya yi tsalle ya fita, ko gashin kansa bai hargitse ba.

Gari ya ɗauka. Aka saya wa Firmin giya a mashaya har ya rasa inda zai zuba. Ya yanke shafin ya manna a bangon gareji, sama da teburin aikinsa. Direbobi suka samu abin wasa. Duk filin da ya shiga sai ka ji, “Ku ɓoye motocinku, ga Vorko nan!” Shi kuma ya zaro filaya daga aljihu ya kaɗa musu, a kwashe da dariya. In kuskure ne mutum ya ji daɗi an san da zamansa a duniya, to ya yi kuskure.

Sau ɗaya Tessandier ya yi niyyar amfani da Vorko. Amma yara suka so shi irin son da suke yi wa dodo, editan mujallar ya ce a dawo da shi. Aka dawo da shi, aka sake dawowa da shi. Shekara biyar Vorko na yanke birki, yana zuba yashi a tankin mai, yana kwance ƙusoshin taya. Babu gidan da ke da ɗa namiji a ƙasar nan da ba a san hancin Firmin ba.

Ranar tseren dutse na 1963, da safe, Firmin ya duba birkin shuɗiyar motar da hannunsa kamar kullum. Norbert ya shiga, yana ɗaure hular kwano, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Vorko, yau dai ka tausaya mini, budurwata na kallo!”

“Je ka, ɗan banza, na bar maka rabi!”

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, kuma suna da yawa. Aka kaɗa tuta. A kwanar da ake kira kwanar injin niƙa motar ba ta karya ba, ta tafi sak ta tsallake damman ciyawa ta rungumi bishiya. Norbert bai kai asibiti ba.

Jandarmomi suka bincika. Motar da ta hau kafin tasa ce ta zubar da baƙin mai a kwanar, birkin kuwa lafiyarsa ƙalau. An faɗa a fili, an buga a jarida, kowa ya ji. Amma magana zarar bunu ce, kuma kowa ya ji waccan da Firmin ya faɗa da safe ma.

Su masu zane suna gama shafukansu wata da watanni kafin a buga, labari kuma in ya fara tafiya ba a tsayar da shi don wani ya mutu a ƙauye. Alhamis ɗin da ta biyo bayan jana'iza, Vorko ne a bangon mujallar, baki har kunne, filaya a sama. Mai sayar da jarida, wanda Allah bai ba hankali ba, ya rataye ta a gilashin kanti daidai ƙofar coci. Madam Pradelle ta fito daga addu'a cikin baƙaƙen kaya, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta wuce gareji, ta tarar da tsohon shafin nan a bango sama da kan Firmin, ta sa hannu ta yage shi. Daga ranar ba ta sake ambatar sunansa ba har ta mutu.

Bayan 'yan makonni Pradelle ya kira shi ofis.

“Zauna, Firmin.”

“Maigida, ai ka ji abin da jandarmomi suka ce.”

“Na ji. Mai ne. Ni ban ce kai ne ba, kuma duk wanda ya faɗa a gabana sai na fasa masa baki. Amma matata ba ta iya ganinka. Sannan direban da zan ɗauka ya ce in kai ne a rumfa, ba ya hawa.”

“Cewa ya yi na yi wani abu?”

“Bai ce ka yi ba. Ya ce ba ya so ya ɗaga kai kafin a kaɗa tuta ya ga wannan fuskar.”

Firmin ya dubi hannuwansa. Pradelle ya dubi bango.

“Ba korarka nake ba. Rumfar baya tana nan, taraktoci sun yi yawa. Albashinka ba zai ragu ba.”

Ya koma rumfar baya. Da aka buɗe tsere na gaba ya sa hularsa ya bi masu motoci neman aiki, Clermont, Lyon, har Dijon. Ko'ina a tarbe shi da fara'a, domin kowa ya san aikinsa. A ba shi kujera, a ba shi taba, sannan a ce, “Ba don komai ba, ka gane dai, yaran nan namu da camfi.” Da ma zarginsa suka yi, da ya kare kansa. Zargi ana kai shi kotu. Amma in an ce kana da ƙashin tsiya, wane alƙali ne zai wanke ka?

Ya aske gashin bakin. Washegari yaran makaranta suka bi shi a titi suna ihu, “Vorko ya yi ɓad da kama!” Ya daina zuwa mashaya. Ranar tseren dutse yakan shiga lambunsa na bayan gida yana tonon dankali, ƙarar motoci na saukowa daga dutsen tana cika kwarin. In wata ta canja giya a kwanar injin niƙa, sai ka ga fartanyar ta tsaya a sama, har sai ƙarar ta wuce.

Shekara takwas a haka. Huguette ce ta gaji.

“Kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Tashi ka je Paris.”

“In ce masa me?”

“Ka ce masa ya dawo maka da abin da ya ara. Ko sai na je da kaina? In na je, sai an kira jandarmomi.”

Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. A bakin ƙofa ta ga ƙunshi a hannunsa.

“Mene ne wannan?”

“Cuku ne. Yana son na wajenmu.”

“Har da tsaraba? Ka haɗa masa da igiya mana ya rataye ka, kada ya wahala nema.”

Ya tafi da cukun.

Tessandier ya zama wani abu. Ya yi ƙiba, ana buga littattafansa da harsuna da yawa, yana da babban ɗakin aiki a hawa na sama da mutum huɗu masu zana masa. Wani motoci, wani gine-gine, wani tawada, shi kuwa fuskar jarumi da sa hannu. Firmin na shiga ya yi turus. A bango ga zanen kansa an jera: ta gaba, ta gefe, ta ƙeya, yana fushi, yana dariya, da layuka an auna karkatar hancin don kowa ya iya kwafa. Mutanen huɗu suka ajiye alƙalumansu. Ɗaya ya ce, “Kai! Ashe da gaske akwai shi.”

Tessandier ya rungume shi har da ƙwalla. Ya ja shi gidan abinci, ya sa aka kawo nama da jan giya, yana ta tambayar Huguette da miyarta. Ya san da mutuwar Norbert, har furanni ya aika. Sauran bai sani ba, domin bai taɓa tambaya ba. Da Firmin ya faɗa masa, a hankali, yana juya cokali, sai fuskar mutumin ta yi fari. Ba mugu ba ne Tessandier, kuma wannan ne ma abin haushin. Da mugu ne da an san inda za a tofa yawu.

“Ka kashe shi, Rémy. Ka jefa shi rami, ko mota ta bi ta kansa. Yadda ka ga dama.”

“Ba a mutuwa a mujallar yara, Firmin. Akwai masu sa ido, sai su rufe mu. Dubi Sauval, sau nawa ya faɗa kogi, ko mura bai yi ba.”

“Norbert bai san da wannan dokar ba.”

Tessandier ya sunkuyar da kai.

“To canja masa fuska. Ka ba shi hancin wani.”

“Ba nawa ba ne yanzu. Da shi da Sauval da kowa, na sayar wa kamfani tun takalmina na shan ruwa. Ko ɗigo ba na canjawa sai sun yarda.”

“Hancina ka sayar?”

Mai kawo abinci ya zo ya kwashe kwanuka. Can Tessandier ya ɗago, idonsa ya yi haske kamar na yaron nan mai leƙe ta shinge.

“Zan sa ya tuba. Wannan ba za su hana ba, suna son darasi. Zan sa shi ya yi abin da duk ƙasar nan sai ta cire masa hula. Na yi maka alkawari, mutumina.”

Ya kuwa cika. Cikin kaka labarin ya fito: motar Sauval ta kife tana ci da wuta, kowa ya gudu, Vorko ya kutsa cikin wutar ya jawo shi, hannuwansa suka ƙone. A shafin ƙarshe Sauval ya rungume shi a gaban taro. Firmin ya saya, ya koma ya sake saya. Ya sa rigar Lahadi ya shiga mashaya, karon farko cikin shekaru, ya ajiye mujallar a kan kanta.

Akwai wani Malaval mai sayar da taya, yana da 'yar jar motar tsere da ƙanin matarsa ke tuƙawa. Ya karanta, ya sosa ƙeya.

“To, tunda ya tuba a littafi, mu ma ai sai mu yafe.”

Ku ji fa. A yafe masa me? Amma Firmin bai tsaya tambaya ba, domin Malaval ya ɗora da cewa motar na buƙatar hannu kafin tseren dutse, ya zaro mabuɗin rumfarsa ya miƙa masa.

A lokacin sanyin nan, Firmin ya koma saurayi. Ya tashi daga taraktoci ya wuce rumfar Malaval, ya kwance injin ɗin kaf, ya shimfiɗa kayansa a kan farin zanen gado da ya sato wa Huguette, ya wanke kowane ƙarfe kamar mai wankan jariri. Yana dawowa gida da yatsu a daskare, yana waƙa. Huguette ta ga zanen gadonta baƙi ƙirin, ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta rufe.

Abin da ba su sani ba, a Paris ana ta rigima. Yara ba su son tubabben Vorko. Ciniki ya ja baya. Edita ya ce labarin da ba mugu miya ce ba gishiri. Saura wata ɗaya a yi tseren dutse, sabon labari ya fara fita, kuma ga abin da ke ciki: ashe tubar ƙarya ce. Vorko ya shiga wuta ne da gangan don a yarda da shi, a ɗauke shi aiki a rumfar Sauval, a ba shi mabuɗi. Da ya samu mabuɗin, ya jira daren tsere ya shiga ƙarƙashin motar.

Ranar Juma'a Malaval ya zo, yana murza hula a hannu. Jar motar na tsaye an gama haɗa ta, Firmin na goge mata gilashi.

“Na rantse da kabarin uwata, Firmin, ni ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Amma ƙanin matata ya ce ko a jirgin ƙasa ya gan ka sai ya sauka. Matata kuma tun jiya kuka take. Ka san mata.”

“Ka tashe ta ka ji, ko sau ɗaya.”

“Na san ta yi kyau. Za mu kai ta Clermont wani ya ɗan sake dubawa, don hankalinsu ya kwanta.” Ya miƙa tafin hannu. “Mabuɗin.”

Firmin ya ba shi. Ya naɗe kayan aikinsa a cikin zanen gadon ya saɓa a kafaɗa.

Bayan kwana biyu aka aiko daga mashaya cewa ana kiran Firmin a waya daga Paris. Bai tashi daga kujera ba. Huguette ce ta cire rigar girkinta ta tafi, kuma duk wanda ke mashayar ya ji rabonsa.

“Ni ce, Rémy. Ba zai zo ba. Faɗa mini.”

“Madam, na yi iyakar ƙoƙarina. Sun ce in ban zana ba, za su ba wani ya zana.”

“To da ka bari wanin ya zana! Da mun san ba wanda ya zauna a teburinmu ba ne. Ka zo gidana ƙafa a waje, na cika maka ciki, ka kwana a kan zanen aurena. Mutumin nan ya ɗora maka taya ya shigar da kai inda ka samu abincin da kake ci har yau. Ka ɗaga shi sama don ka ji daɗin sako shi?”

“Madam, bari in aiko da wani abu, ko yaya...”

“Ka aiko, in ƙona shi a tsakiyar kasuwa. Marar kunya.”

Ta kife wayar, ta juyo ta dubi mazan da ke zaune, masu kiransa Vorko shekara da shekaru. Kowa ya sa hanci a kofinsa.

Daga nan babu wani labari sai taraktoci. Firmin ya yi ta gyaransu har ya yi ritaya. Huguette ta rasu a 1984, ba ta yafe wa kowa ba, kuma ta yi daidai. Tessandier ya samu lambobin yabo, aka yi baje kolin zanensa a manyan birane, da ya mutu aka sa wa wani titi sunansa a garinsu. Vorko kuwa bai tsufa ba, wasu hannuwan suka ci gaba da zana shi. An daina tseren dutse, ciyawa ta cinye gefen hanyar.

Sai yaran nan masu karanta mujalla ranar Alhamis suka girma, suka yi furfura da tumbi da abin hannu. Suka shiga sayen tsofaffin motocin tsere suna gogewa. Wajen 1995 suka ce za su farfaɗo da hawan dutse, ba tsere ba, biki kawai. Uku daga cikinsu suka zo gidan Firmin, yana dab da saba'in, suka zauna a ɗakin girkin da Tessandier ya zana shi.

“Baba Firmin, kai ne tarihin garin nan. Mutane za su zo daga Belgium don su gan ka. Za mu ba ka kati, ka shiga rumfuna duk inda kake so.”

“Rumfuna?”

“Ko'ina, Baba. Sai dai, gashin bakin nan. In da hali a dawo da shi kafin lokacin.”

Ya dawo da shi. Ya fito fari, suka kawo masa abin rini. Matan unguwa suka yi masa ca, suka ce da Huguette na da rai da ta fasa masa kasko a ka. Ya saurare su har suka gama.

“Shekara da shekaru ina jin su daga cikin dankali,” ya ce. “Ina so in ji su kusa.”

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Ranar bikin suka kafa masa tebur a tsakiyar rumfuna. Manyan mutane suka yi layi da tsofaffin littattafansu, yana sa musu hannu. Na farko ya rubuta masa Firmin Vedrine, mutumin ya duba ya ce, “A'a Baba, ɗaya sunan.” Daga nan Vorko ya yi ta rubutawa.

Kusa da teburin akwai wata shuɗiyar mota ta wani likitan haƙori daga Vichy. An buɗe murfin injin, an tashe ta, tana tari tana shaƙewa. Firmin ya saurara, ya ajiye alƙalami, ya bar layin a tsaye. Ya taka a hankali har gabanta, ya sunkuya, zafin injin ya bugi fuskarsa. Ya miƙa hannu.

Likitan ya cafke masa wuyan hannu, yana dariya.

“A'a, a'a, Baba! Kai dai tsaya nan a ɗauke mu hoto. Ku zo ku gani, na kama Vorko!”

Jama'a suka yi dariya, aka yi ta ɗaukar hoto. Likitan ma dariya yake, amma bai saki hannun ba sai da aka rufe murfin.

Firmin ya koma teburinsa ya ɗauki alƙalami. Ya zo shekarar da ta biyo, da wadda ta bi ta, har ƙafafunsa suka daina kai shi. Kowace shekara ana ba shi kati, ana kafa masa tebur a tsakiyar motoci, kuma har ya mutu ba wanda ya bar shi ya taɓa ko ɗaya.